Kajijin da Ya Hau Banda

Shekarun baya, lokacin Birnin Kebbi tana cikin jihar Sakkwato, aka sa ranar saukata ta Alƙur'ani. Murna ta hana ni zama wuri ɗaya. Kakata tana da al'adarta: duk jikan da ya sauke, sai ta turara allonsa da kajijin fadamar Zauro, garinsu, kafin ya karanta a gaban malamai. Ba ta yarda da na kasuwa. Ni ce autar jikoki, ita kuma ido ya tafi, ƙafa ta ƙi. Ta ce in ta turara nawa, ta sauke nauyinta.

Shekarar nan ruwa ya cika fadama. Ni da yayana muka shiga kwalekwalen kawunmu masunci, muka yi ta lalube a laka har muka cika ƙwarya da saiwar. Na dinga tsalle kamar na tono zinariya, saura ƙiris in kifar da mu.

Sai dai ɗanyen kajiji ba ya cin wuta, ga hadari kullum, ga sauka jibi. Yayana ya dubi bandar da kawu ke busar da kifi, ya dube ni. Ni kuma, gwanar wayo, na ce ai magana ta ƙare.

Ya bushe kam. Ranar sauka, malamai na jira a zaure, kakata ta zuba shi a kasko a tsakar gida, na tara allona a kan hayaƙin. Ƙamshin kajiji ya tashi, sai ga ƙaurin tarwaɗa ya biyo bayansa. Mahaifiyata ta zaro ido. Na ce a raina shi ke nan, mun ɓata wa tsohuwa turarenta na ƙarshe.

"Mi kunka yi ma kajijin ga?" in ji kakata.

"Bisa banda munka shanya shi, Inna."

Ta ja hayaƙin, ta sake ja. Can sai ta yi dariya har da ƙwalla.

"Haka na uwata ka yi. Ɗaki guda taka aje shi da kihin babanmu. Tun da anka kawo ni Birni ban sake jin shi ba. Matso da allon, ɗiyata."

Na shiga zaure ƙafata ba ta taɓa ƙasa don daɗi, na karanta farkon Baƙara a allona ba gargada.

Yanzu ni ke turara allon jikokina, da kajiji mai tsabta, kuma kullum sai in ji da saura. Har yau in na wuce masu banda a Argungu, sai in tsinci bakina yana karanta farkon Baƙara.