Tarin Injin da Ya Shawo Kan Gwaggo

A ƙaramin filin jirgin da ke bayan unguwarmu akwai wani matuƙi da abokan aikinsa ke kira Mai Kunne. Jirginsa mai kujera huɗu ne da farfela guda, yana jigilar likitoci da magunguna zuwa ƙauyuka. Laƙabin ya samo asali ne daga ɗabi'arsa: ba ya hawa titin tashi sai ya tsaya a gefe, ya danne birki, ya ƙara wa injin wuta, ya karkata kai yana saurarensa kamar mai jin gulma.

Gwaggonsa ce ta raine shi, kuma tun da ya fara tuƙi ta rantse ƙafarta ba za ta bar ƙasa ba. Babban burinsa kuwa shi ne ya ɗaga ta sama ko sau ɗaya. Da ƙyar ta amince bara, bisa sharaɗin cewa duk sa'ad da ta ce a koma, za a koma.

Ran tafiyar, suna shiga jirgin ya fara gangarawa, tun daga bakin rumfar jirage ta fara ba da umurni.

"Kai ɗan nan, a hankali! Wa ya biyo ka?"

"Gwaggo, ai kaza ma ta fi mu sauri."

"To, a bar kazar ta wuce."

Haka suka yi ta rarrafe, injin yana numfashi ƙasa-ƙasa, har suka isa wurin gwaji. Injin irin wannan jirgi yana da hanyar wuta biyu, dama da hagu, domin idan ɗaya ta mutu ɗaya ta riƙe shi. Mai Kunne ya murɗa makulli zuwa dama, ƙara ta fita sumul. Ya murɗa zuwa hagu, sai injin ya kama tari, jirgin ya yi ta kakkarwa.

Gwaggo ta damƙe hannunsa. "Mene ne wannan?"

Ya san idan ya ce ba kome, wataƙila ta yi shiru. Idan ya faɗi gaskiya, wataƙila ta sauka har abada. Ya ce, "Baƙin hayaƙi ne ya taru a fulogi, saboda tafiyar hawainiyar da muka yi. Zan rage mai, in ƙara wuta, ya ƙone. In bai washe ba, ba inda za mu. Ni da kaina zan mai da ke gida."

"Wato laifina ne?"

"Ni dai ban faɗa ba."

Ya yi yadda ya ce. Injin ya yi ruri na ɗan lokaci, sa'an nan ya sake murɗawa hagu. Babu tari. Ya duba allurar mai da ta zafi, ya motsa fikafikai, ya juyo gare ta.

"A koma ne, ko a tashi?"

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Yaron da na sha fama da shi kafin ya duba takalminsa saboda kunama, yau shi ne ba ya tashi sai ya ji lafiyar ƙarfe? Mu je."

Da suka lula sama, ta leƙa ta taga, ta hango rufin gidanta.

"Kai! Dubi akuyar maƙwabta a cikin lambuna! Sauka-sauka, maza!"

"Sharaɗin 'a koma' ne, Gwaggo?"

Ta sake leƙawa ta taga. "A'a. Ƙara zagayawa tukuna, in ga ta inda take shiga."