Mako Bakwai Ina Rubuta Tsintsiya a Littafin Shirin Darasi

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar Larabar da sufeton makarantu ya shigo ajina. Yau mako uku ke nan, amma har yanzu in na ji babur ya tsaya a bakin makaranta sai in ɗauka shi ne ya dawo. Na rubuta wannan ne domin ku 'yan'uwana da aka ɗauke mu tare, da waɗanda za su biyo bayanmu.

Kun san yadda muka shigo aikin. Da gwamnati ta buɗe ilimin firamare kyauta, yara suka yi wa malamai yawa, sai aka kwaso mu da muka gama sakandare ba tare da horon koyarwa ba. Malaman wucin gadi muke. Wanda sufeto ya yaba da shi, a sa sunansa cikin masu tafiya kwalejin horon malamai. Wanda ya rubuta wa mummunan rahoto kuwa, a ƙarshen zango a sallame shi. Ni an tura ni wata firamare a Tudun Wada, aka ba ni aji huɗu.

Ga wanda ba malami ba, ga yadda ƙa'idar take. Kowace Litinin da safe malami zai kai wa hedimasta littafin shirin darasi, inda ya rubuta abin da zai koyar a makon, darasi bayan darasi. Hedimasta ya karanta ya sa hannu da jan biro. Abin da ya sa wa hannu, shi ne dole a tarar a cikin aji. Hedimastanmu Malam Buba, dattijo ne mai ƙarancin magana, ni kuwa tsoronsa nake ji tun ranar farko.

Darasin ƙarshe na ranar Laraba shi ne aikin hannu. A makarantarmu, aikin hannu tsintsiya ce. Kowane yaro ya kawo ɗaya, malami ya ba da maki, a tara su a sito. Kowa ya san iyaye ne ke ɗaurewa, wasu ma a kasuwa ake sayo musu. Sauran lokacin sai yara su zauna suna hamma.

Akwai wata yarinya, Ladi, 'yar wani direban gingimari daga kudancin Gombe, wadda ba ta buɗe baki a aji saboda Hausarta ba ta nuna ba. Wata Laraba na same ta tana zane a bayan littafinta. Na tambaye ta, ta ce hanyar garinsu ce. Duk inda motar babanta ke tsayawa ta sa masa alama. Abin ya tsaya mini a rai. Mako na gaba na ce da ajin, kowa ya faɗi abin da shi yake son sani ko yake son yi, ya kawo kayansa.

Ban zaci haka za su karɓa ba. 'Ya'yan makanikai suka zo da matacciyar tocila suna neman abin da ya kashe ta. 'Ya'yan teloli suka zo da ƙyallaye suna auna ɗan ƙaramin ɗankwali da rula. Wasu 'yan mata suka zuba madara a gwangwani uku, ɗaya a rana, ɗaya a inuwa, ɗaya a gindin randa, wai su ga wacce za ta riga yin tsami. Ladi kuma na ba ta bayan tsohuwar kalanda ta zana hanyar garinsu. Surutu kam akwai shi, amma ko waɗanda suka saba sulalewa bayan hutun tara sun daina guduwa ranar Laraba.

Ga inda na yi kuskure. Ban gaya wa Malam Buba ba. Na yanke wa kaina cewa ba zai yarda ba, don haka kowace Litinin sai in rubuta, "Aikin hannu: tsintsiya," shi kuma ya sa hannu. Mako bakwai ina haka.

Ranar da abin ya faru, ina durƙushe wajen masu tocila sai na ji ajin ya miƙe yana gaisuwa. Na ɗago na ga Malam Buba a bakin ƙofa, tare da wani dogon mutum riƙe da jaka. Mista Yohanna ne, sufeto daga ofishin ilimi, ba a kuwa sanar da zuwansa ba.

Ya ce, "Malama, ci gaba da aikinki. Miƙo mini littafin shirinki kawai."

Na miƙa masa da hannu biyu. Ya buɗe shafin ranar, ya duba, ya ɗaga kai ya dubi ajin. Ya zagaya a hankali, ya sunsuna gwangwanayen madara, ya tambayi masu tocila me suka gano, suka ce tsatsa ce ta ci wajen zaman batir. A wajen Ladi ya fi daɗewa. Ya yi mata magana da yarensu, ashe yankinsu ɗaya, na ga tana nuna masa wani wuri da yatsa tana ta zuba bayani. Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawon haka ba. Har na fara jin sanyi a raina.

Da aka tashi, aka kira ni ofishin hedimasta. Mista Yohanna ya ajiye littafin a buɗe a kan tebur.

"Malama Asabe, karanta mini abin da kika rubuta."

Na karanta.

"Tsintsiya nawa aka ɗaure yau?"

"Babu, ranka ya daɗe."

"Makon jiya fa?"

Na ce makon jiya ma babu. Ya ce, "Abin da na gani a ajinki ban ƙi shi ba. Amma ni makaranta nawa nake zagayawa? Ba zan iya zama a kowane aji ba, littafin nan shi ne idona. In malami ya rubuta wani abu ya yi wani, to da me zan san gaskiyar lissafinsa da Turancinsa?" Sai ya juya ga hedimasta. "Malam Buba, da saninka aka yi wannan?"

Da ya ce a'a, bai yi ƙarya ba, domin ban taɓa gaya masa ba. Kuma da ya faɗi haka, laifin ya zama na yaudarar shugaba, aikina ya ƙare ke nan.

Malam Buba ya gyara hularsa ya ce, "Bango ɗaya ne tsakanin ofishin nan da ajinta. Ba kurma ba ne ni. Na sani, na kuma sa hannu."

"To ka san kai ma takarda za ta same ka."

"Na sani."

Bayan kwana biyar takardun tuhuma suka iso, ɗaya tawa, ɗaya tasa. Muka amsa a rubuce. Ni an sa mini gargaɗi a fayil, aka kuma ce sunana ba zai shiga jerin masu tafiya kwaleji ba sai sufeto ya sake dawowa ya gani. Ba a sallame ni ba. Malam Buba kuwa, shekarunsa masu yawa a aiki, wannan ce takardar tuhumarsa ta farko, kuma ni na jawo masa.

Na je na durƙusa na ba shi haƙuri. Bai ɗago daga rubutun da yake yi ba, ya ce, "'Yar nan, kullum Litinin ina jira ki faɗa mini da bakinki. Kin tambaye ni na hana?"

Na ce a'a.

"To, kin hana kanki, kin ce ni ne. Ni ma da na ga ba ki faɗa ba, ya kamata in kira ki. Tashi ki je aji."

Litinin da ta biyo na rubuta komai dalla-dalla: rukuni nawa, me kowanne yake nema, me nake so su fito da shi. Ya soke abu biyu, ya ce a rage surutu saboda aji biyar, ya kuma ce Laraba ɗaya cikin biyu kawai ya yarda. Sannan ya sa hannu.

Ban san abin da Mista Yohanna zai rubuta in ya dawo ba, kuma ba zan ce muku ba na tsoro ba. Abin da na sani shi ne yaran nan suna zuwa mana da abin da suke son sani, in an buɗe musu ƙofa kaɗan za su ba ka mamaki. Amma a aikin nan ba kai kaɗai kake tsaye a aji ba, sunan wani yana ƙarƙashin abin da ka rubuta. Ku tambaya, ko da murya na rawa. Ni ban tambaya ba, dattijo ya ɗauki rabin kayana a kansa, ko gode masa ma bai bari na gama ba.