Alkasim mai fito da 'ya'yan farin Tsakar Gulbi

In damina ta kankama, Malam Alkasim ba ya komawa gida bayan sallar asuba. Daga masallaci sai bakin ruwa, da doguwar sandarsa a kafaɗa da damin kaba a hammata. Zai naɗe wando, ya yi bisimilla, ya shiga yana dungura sandar a ƙasa taki bayan taki. Inda ya ji yashi ya yi tauri sai ya kafa kaba ɗaya, inda ya ji ya zurma sai ya kauce. Kafin mata su gama dakan safe ya jera alamu daga wannan gaɓa zuwa waccan. Gobe in an sake ruwa ya sake aikin daga farko, domin yashin gulbi ba ya kwana inda ya wuni. Shekara arba'in da huɗu ke nan yana wannan aiki.

Wanda bai san garinmu ba zai ce wane ruwa kuma a ƙasar Mayahi? Ba laifinsa ba ne. Wata takwas a shekara Gulbin Kaba yashi ne da itatuwan goriba, amalanke da kabu-kabu suna ratsa shi ba wanda ya ce musu kanzil. Amma daidai wajenmu kwarin ya rabu biyu, ya zagaye wani tudu, sannan ya sake haɗewa can yamma. A kan tudun nan aka kafa Tsakar Gulbi. Da ruwa ya sauko sai mu wayi gari a tsibiri, wata shekara mako shida, wata shekara sai an yi girbi. Reshen arewa ana iya ratsa shi da ƙafa in an bi kabar Malam Alkasim. Na kudu kuwa, wanda ke kai mutum hanyar mota, ya fi ƙarfin tsayin kowa. Nan yake fito. Da farko da manyan goruna yake yi, mutum ya kifa ciki a kai shi kuma yana iyo yana turawa. Daga baya ya ɗaure tano huɗu, wato manyan gangunan ƙarfe, ya shimfiɗa katako, ya sami abin da muke kira jirgi don dai ba mu da wani.

Ni Lamine a garin aka haife ni, yanzu ina koyarwa a Tasawa. Na karanta labarin ƙasa a lakkwal, wato makarantar boko, na kuma koyar da shi shekara goma sha biyar, amma ban taɓa ganin garinmu a taswira ba. Abin da na sani game da shi a kan jirgin Malam Alkasim na koya. In ya kai tsakiyar ruwa ya ga fasinja ya fara salati da ƙarfi, sai ya shiga ba shi labari don ya ɗauke masa hankali. A bakinsa na ji cewa maharba uku ne suka fara zama a tudun, zamanin hare-hare, saboda doki ba ya son ruwan da bai ga ƙasansa ba. A bakinsa na ji yadda masu saƙar tabarma suka biyo kaba suka kafa unguwa ta biyu, da yadda Buzaye suka sauka gefen gabas a wata shekarar fari da niyyar kwana uku, ga jikokinsu nan har yau. Ko duka haka aka yi, Allah masani. Ni dai ban sami wanda ya ƙaryata shi ba.

Malam Alkasim, kai ne ka ƙetarar da amarenmu da kayan ɗakinsu, kai ne ka ƙetarar da masu ciwo, kai ne ka dawo da gawar waɗanda ba su kai ba. Jarumin gulbi, ba a taɓa jin rai ya salwanta a cikin ruwa yana hannunka ba.

A gaɓa ne ya yi rashi. Matarsa ta farko, Balkisu, naƙudar haihuwa ta biyu ta zo mata da gardama a tsakiyar damina. Ya ƙetarar da ita lafiya da hantsi, suka zauna ƙarƙashin wata goriba suna jiran amalanken da zai kai ta likita. Kafin la'asar ta cika, da ita da abin da ke cikinta. Ta bar masa yarinya ɗaya 'yar shekara uku, Mansura. Tsofaffin garin sun ce washegari ya fito da sandarsa kamar kullum, amma ya yi wata biyu bai ba kowa labari a kan ruwa ba.

Shekara shida da suka wuce, a lokacin hutu ina gida, aka aiko wa maigari cewa wani shirin lafiya zai gina ɗakin shan magani guda ɗaya, da majo mai duba marasa lafiya da ungozoma, a tsakaninmu da Garin Bature da ke ƙetaren kudu. Garin da ya fi yawan mutane shi zai samu. Ba sai na faɗa muku abin da wannan yake nufi ga mace mai ciki a tsibiri ba. Aka turo ma'aikata uku su ƙirga mu, shugabarsu wata mace mai kaifin baki, Madam Huda. Sun riga sun gama Garin Bature, sun sami mutum dubu da talatin. Suka yi kwana biyu a wurinmu suna bi gida-gida, suna tambayar maigida sunan kowa suna rubutawa.

Rana ta uku da hantsi suka hau jirgi za su koma, motarsu na jira a ƙetare. Ni ma na bi su don zan je kasuwar Gidan Amumune. Muna tsakiyar ruwa Malam Alkasim ya tambaya, shi da ba ya tambayar baƙo komai sai lafiyar gida.

"Madam, mu nawa kunka iske?"

Ta duba takarda ta ce, "Ɗari tara da sha biyu, Baba."

Ya ci gaba da tura jirgi. Can ya ce, "Don Allah karanta mani gidan Moctar mai tabarma. Ɗiya nawa?"

"Huɗu."

"Biyat ne. Gidan Abdulhamid hwa?"

"Ukku."

"Huɗu ne."

Ta ɗan ɓata rai ta ce abin da masu gida suka faɗa shi aka rubuta, ita ba ta haifa musu ba balle ta ƙara. Ya ce ta karanta masa sunayen. Tana karantawa yana gyaɗa kai, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya kafa sandar a ƙasa, jirgi ya tsaya cik, sannan ya fara juya shi.

"Baba, mi ka ke yi haka? Mato na jiranmu!"

"Ki yi haƙuri, ɗiyata. Ba ku ƙare aiki ba. Ba laihinku ba ne, namu ne. Mun ɓoye maku 'yan hwari."

Duk Bahaushe ya san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, uba ba ya kallonsa a gaban mutane, in an yaye shi kakanni ke ɗauka. A birni abin ya yi sauƙi, amma a Tsakar Gulbi yana nan da ƙarfinsa. To ga baƙuwa da biro a hannu tana cewa maigida ya faɗi sunan 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, a gaban surukai da maƙwabta. Kowane uba sai ya fara daga na biyu, yana cewa a ransa ai kaka za ta faɗa tunda a ɗakinta yaron yake kwana. Da aka je wurin kaka ita kuma sai ta lissafa nata, tana cewa ai wannan ɗan wane ne, ubansa ya riga ya faɗa. Haka yaran suka faɗa tsakanin gida biyu ba wanda ya lura. Ba wanda ya yi ƙarya, kowa a ganinsa ladabi ya yi. Na yi shekaru ina jin haushin wannan rana, kuma har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci: saura kaɗan mu sayar da rayukan matanmu saboda kawaici.

Aka tara mutane a ƙofar maigari. Da aka bayyana abin da ya faru sai kowa ya sunkuyar da kai. Madam Huda ta ce to, duk wanda ya tsallake ɗansa ya taso ya faɗa. Ba wanda ya motsa. Ta sake faɗa da ƙarfi, har da Faransanci don haushi. Maza suka shiga zane a ƙasa da tsinke, mata suka ja gyale suka rufe baki. Ta tattara takardunta ta ce ita ba za ta rubuta mutumin da ba shi da suna ba.

Sai Malam Alkasim ya miƙe, wandonsa na ɗigar ruwa. Ya ce tunda iyaye ba za su iya ba, shi zai faɗa, su dai su ce i ko a'a. Ya fara daga gidan farko na Unguwar Maharba. Wane ɗan wane, yana hannun kakarsa wance, an haife shi shekarar da ruwa ya ci rumbunan gabas. Wance ɗiyar wane, ni na ƙetarar da ragon sunanta. Uba ya ce "haka ne" can ƙasa-ƙasa, Madam Huda ta rubuta. Ya gama Maharba ya shiga Masaƙa, ya gama Masaƙa ya shiga zangon Buzaye. Bai riƙe takarda ba, bai iya karatun boko ba. Sau biyu kawai aka gyara masa, su ma a shekaru ne ba a suna ba. Aka yi azahar aka dawo ya ci gaba.

Da ya zo ƙarshe sai Madam Huda ta buɗe wani shafi ta ce, "Baba, saura gidanka. An rubuta kai da maiɗakinka da Imrana da A'i. Shi ke nan?"

Kowa ya san ba shi ke nan ba. Mansura tana gidan, mijinta ya rasu ta dawo wurin ubanta, shekararta talatin da biyar. Shi ma ya tsallake ta ranar da aka zo gidansa. Tun da aka raɗa mata suna ba wanda ya taɓa jin sunan a bakinsa, "waccan" yake cewa, ko "yarinyar nan". Wani dattijo ya yunƙura zai faɗa a madadinsa, ya ɗaga masa hannu.

"Bari. Na hwaɗi na mutane, ba ni barin nawa ga wani." Ya dubi ƙasa, muryarsa na rawa. "Akwai Mansura. Mansura ɗiyar Balkisu. Ita ce ta hwari. Uwatta ta rasu can ƙetare tana jiran amalanke. Rubuta ta."

Mansura tana bayan mata. Ta durƙushe a wurin ta fashe da kuka, mata suka rufa a kanta. Ni kaina sai da na share hawaye, kuma ba ni kaɗai ba ne a cikin maza.

An sami ƙarin mutum ɗari da arba'in da uku, muka zama dubu da hamsin da biyar. Matasa suka fara sowa, ya tsawatar musu. Ya ce wa Madam Huda ta koma Garin Bature ta sake dubawa, su ma Hausawa ne, kada a ci haƙƙinsu. Wasu a garin sun yi kwanaki ba sa gaishe shi saboda wannan magana. Ta koma ta duba. Su da yake suna bakin hanya yawancin yaransu na da takardar haihuwa, goma sha ɗaya kawai aka tsallake. Ɗakin shan magani ya zo Tsakar Gulbi, kuma a jirgin tano aka ƙetaro da kwanon rufinsa. Daminar bara kaɗai mata ashirin da shida suka haihu a ciki ruwa na zagaye da gari, duk suna nan da 'ya'yansu.

Bana gwiwoyi sun ce masa a'a. Ya miƙa wa Imrana sanda, shi kuma yana zama a gaɓa yana yi masa faɗa daga nesa. Da na je gaishe shi na zolaye shi, na ce ko yanzu bakinsa ya saba da sunan nan? Ya harare ni, ya kira ni yadda ake kiran malamin lakkwal a wurinmu, ya ce, "Kai Mushe, ka cika surutu. Sau guda anka buƙata, sau guda niy yi."

Malam Alkasim, mun gode. Ba ka da albashi balle fansho, ba a taɓa kiran sunanka a rediyo ba. Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan Balkisu, ya sa ka gama da duniya lafiya. Ku kuma masu karatu, ban ce ku yar da kunya ba, ado ce kuma da ita aka rene mu. Amma ranar da aka zo ƙidaya, ko allurar rigakafi, ko rubuta yara lakkwal, ku buɗe baki ku faɗi sunan kowa, ko da muryarku za ta yi rawa.

Da kaina zan fara, domin akwai abin da na yi ta kewaye wa tun farkon rubutun nan. A cikin yaran da aka tsallake har da tawa, tana hannun mahaifiyata. Ina zaune a ƙofar maigari ranar, da karatuna da komai, ina zane a ƙasa da tsinke kamar kowa, sai da wannan tsoho ya faɗe ta na ce "haka ne". Sunanta Fatiha. Ita ce ta fari, bana ta cika shekara goma sha biyu, kuma 'yata ce.