Muryar Babur Ɗin Autanmu

Inna ba ta taɓa ganin babur ɗin ba. Idonta ya rufe tun kafin autanmu ya dawo da shi daga Arlit, inda ya yi aikin haƙar ma'adinai. Kukansa kawai ta sani. Tun yana wajen kasuwar Tanout za ta dakata da jan carbi ta ce, "Ga shi nan tafe, dama mishi fura." Ni a lokacin ko ƙarar ban jiyo ba.

Ni kam na tsani abin nan, ba na ɓoyewa. Ja ne, irin na tsere, wanda sai mutum ya kwanta a kan tanki kamar ƙadangare. Wani bature mai komawa ƙasarsu ya sayar masa. Ba ya ɗaukar buhun hatsi, ba ya ɗaukar jarkar ruwa. Ya cinye mana zaure, ya cinye mini daron wanki, har tsohon kallabina aka ɗaure inda injin ke shaƙar iska saboda rairayi. Na dawo gida bayan rasuwar mijina don in kula da Inna, sai ga ni ina yi wa ƙarfe shara.

Yaron bai bar shi yadda ya zo ba. Ya yanke bututun hayaƙi ya kai wa maƙeri, aka huda, aka cusa waya. Inda abu ya yi sako-sako ya yanko gwangwanin tumatir ya cike, inda mai ke yoyo ya sa baduku ya yanka masa fata. Kowane gyara ya gama sai ya tada shi, ya leƙo cikin gida.

"Inna, yaya kika ji shi?"

"Yau mura yake yi," in ji ta.

Sai ya koma ya durƙusa. Da kunnen Inna aka daidaita babur ɗin nan, har ya sami murya mai kauri da 'yar rawa a ƙarshe.

In zai kwance injin, tabarma yake shimfiɗawa. Abin da ya fara cirewa ya ajiye a bakin gabas, na biyu kusa da shi, haka har ƙarshen tabarma. Wajen haɗawa sai ya faro daga ƙarshe. Jerin nan ne kaɗai ke nuna masa gurbin kowane abu. Yakan ce, "Yaya, share duniya duka in kina so, amma kar tsintsiyarki ta hau tabarmar nan."

Wata bazara ya kwance injin kaf zai canja fistan. Da azahar ya shigo riƙe da ƙeya, ya ce kansa na sara, gobe zai haɗa. Sanƙarau ne. Aka kai shi likita, bai ƙara takowa zauren ba.

A wurinmu zaman makoki na maza a zaure ake yi. Maƙwabta suka zo gyara wuri, suka tarar da tabarma mai kyau cike da ƙarafa. Ina cikin gida tsakiyar mata na ji ƙarar zubar ƙarfe a daro. Na miƙe, gwaggona ta riƙe mini zane. "Ina za ki? Maza ne cike." Na koma na zauna ina ji ana kakkaɓe tabarmar. Alheri suka nufa, na sani, amma har yau ban huce sarai ba.

Inna ba ta yi kuka ba ranar jana'iza, Allah ya jiƙansa kawai take ta faɗi. Da 'yan uwa suka kawo maganar sayar da babur ɗin ta ce, "Ku saida. Amma in ji shi tukuna, ko sau guda."

Muka ɗauko makanike daga Damagaram, mutum mai hankali da sanin aikinsa. Ya juye daron yana tsincewa, ya ware guntayen gwangwani da fata gefe guda.

"Waɗannan ma na ciki ne," na ce masa.

"To, baiwar Allah, a ina suke shiga?"

Na tsaya ina kallonsu. Na daɗe ina shara a kewayensu, amma ban san gurbin ko ɗaya ba. Ya sa sababbin kayan da ya zo da su. Bututun ma ya zare wayar, ya ce ta toshe shi.

Na riƙo hannun Inna na kawo ta ƙofar zaure. Bugu ɗaya babur ya tashi, sumul, babu tari babu rawa. 'Yan kallo suka hau yaba hannun makanike. Inna ta karkata kai ta daɗe tana saurare.

"A ƙara mishi wuta," in ji ta.

Aka ƙara. Inna ta juyo gare ni.

"Na wane ne wannan?"

"Nashi ne, Inna."

Ta girgiza kai. Hawayen da ta riƙe tun ranar jana'iza suka zubo.

"Ku kashe," ta ce. "Maida ni ɗaki."