Gwaggo Hanne da dodannin talabijin

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina gugar kayan makaranta Umma ta shigo ta ce in ajiye, Gwaggo Hanne mai hoto ta rasu.

Ban saba rubutu a nan ba, sai dai in karanta na mutane in wuce. Yau ku yi haƙuri da ni.

Maƙwabciyarmu ce a Goron Dutse, katanga ce kawai ta raba mu. Ita take shiga cikin gida ta ɗauki hoton mata a biki da suna. Hoton auren Umma ma aikinta ne, Umma a tsaye ƙyam kamar an kai ta gaban alƙali.

Wata rana ta je Ƙofar Wambai sayen labule, ta dawo da tsohon gem na gwanjo, irin wanda ake jonawa da talabijin. Wai na jikokinta ne. Suka taru da abokansu aka kunna. Sai ga wata 'yar mota tana tafiya da kanta cikin daji da bakin ruwa, dodanni kala-kala suna gilmawa, kai kuma aikinka ka ɗauke su hoto. Shi ke nan wasan.

Babban jikanta ya danna duk abin da yake dannuwa yana neman bindiga. Da ya tabbatar babu, ya ce, "Gwaggo, an cuce ki. Ko ƙwallo babu a ciki."

Ta ce, "Tashi ka ba ni wuri, mijin da ba ya cefane."

Yaran suka fita suna baza labari a unguwa cewa Gwaggo ta sayo gem ɗin da ba a mutuwa. Ita kuwa ta gyara zama ta gaje shi.

Ni saboda Turanci aka aiko kirana. In an gama zagaye, akwai wani tsoho mai farar riga a cikin gem ɗin da yake duba hotuna ya ba da maki, ni nake fassara mata. Tsohon ya fi son a kama dodo yana tsalle, ko yana cin 'ya'yan itacen da aka jefa masa.

Gwaggo kuwa sai ta yi wa dodo sallama tukuna. Sannan ta ce, "Kai ɗan rawaya, tsaya daidai. Ɗago haɓa. Sauke kunnen nan." Kafin ya ɗago, mota ta wuce. In ta tarar da wani yana ci, sai ta kau da kyamara. "Ba a ɗaukar bawan Allah da loma a baki. Gobe 'ya'yansa za su gani." Mai barci ma ba ta ɗauka, wai bai shirya ba.

Maki sai ya fito ɗan kaɗan.

"Me ya ce, Ummi?"

"Ya ce ya yi nisa, kuma ya juya baya."

"Tambaye shi biki nawa ya taɓa ɗauka."

Matan unguwa da farko cewa suke Hanne ta tsufa ta koma wasan yara. Daga baya in an kawo wuta da kujerunsu suke zuwa, har ana musu a kan wane dodo ne ya fi tarbiyya.

Bana makaranta ta ce mu kawo fasfo na rajistar jarrabawar fita, ido yana kallon kyamara. Ni kuma tun ina ƙarama, in aka saita ni da kyamara kaina da kansa yake sunkuyawa. Mai hoton makaranta ya gaji da ni, duk abin da ya ɗauka saman hijabi ne. Malamarmu ta ce in Juma'a ta wuce ba hoto, ba sunana, sai baɗi. Da kuka na iso gida.

Lokacin Gwaggo ta fara jinya, ta daina fita biki. Ta aiko a kira ni. Na shiga ina jiran "ɗago haɓa". Sai ta ce hannunta ciwo yake, in karɓi gem ɗin in kamo mata wani tsuntsu da ya daɗe yana kuɓuce mata. Ban lura da farin zanin da aka rataya a bayana ba. Ban lura ta koma gefen talabijin da kyamararta ba. Na ƙura ido, tsuntsu ya taso, na danna. Ita ma ta danna.

Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ce, "Ko sallama ban yi miki ba, Allah ya yafe min. Kar ki gaya wa tsohon nan, zai ce shi ya koya min."

An karɓi hoton. Idona a ciki kamar wadda ta hango ɓarawo, 'yan ajinmu har yau suna tsokanata. Ranar ce zamana na ƙarshe da ita, bayan nan asibiti aka kai ta.

Ran Litinin zan shiga ɗakin jarrabawa, kuma ita ce sanadi.

Allah ya jiƙan Gwaggo Hanne, ya yafe mata, ya haskaka kabarinta, ya ba 'ya'yanta da jikokinta haƙuri. Duk wanda ya karanta, ko bai san ta ba, don Allah ya sa ta a addu'a. Ni kaɗai ba zan iya biyan ta ba.