Silon Injin Malam Sale

Akwai ranar da ba ta fita raina a aikin nan, kuma gara ku masu koyon aiki ku ji ta daga bakina kafin ku ji a wani wuri. Lokacin ina shekara ta goma sha ɗaya da buɗe rumfata a Birnin Kudu, ina gyaran janareto da injin ban-ruwa. An san ni da saurin hannu, an kuma san ni da saurin baki, na biyun ne ma ya fi yawa.

Ana saura kamar mako uku ruwan farko ya sauka, wani mai sassaben bishiyoyi daga wajen Gwaram, Malam Sale, ya zo shi da ƙanensa Habu, sun naɗe wani tsohon injin yankan itace a buhu. Injin ya shekara biyu a ajiye. Manoma sun yi wa Malam Sale layi ya rage musu rassan ɗorawa da maɗaci kafin shuka, don inuwa ba ta barin dawa ta yi kyau.

Na wanke kafireto, na canza fulogi da tiyon mai, na wasa sarƙa. Ja biyu ya tashi. Matsalar ita ce silo. Ga wanda bai sani ba, silo shi ne injin ya zauna yana aiki a hankali bayan an saki wuta, sarƙa kuma tana tsaye cak. Wannan da na saki sai ya yi tari ya mutu. In bai mutu ba ya riƙa hawa da sauka shi kaɗai. Da na kwantar da shi ta gefe sai ya ɗauki gudu ba wanda ya taɓa shi. Duk wanda ya yi shekara biyu a aikin nan ya san ma'anar wannan: robar da ke toshe gefen karanshaf, wato sandar da ke juyawa a cikin injin, ta bushe, iska na shiga. Maganinsa a farke injin, a aika Kano a samo sabuwa. Kwana huɗu ke nan aƙalla, ni kuwa na riga na cika baki a gaban 'yan rumfa cewa kafin la'asar zai tafi da abinsa.

Sai na ɗauki sukundireba na ƙara silo, na buɗe masa mai kaɗan. A zaune kan benci ya yi lafiya lau. Rufa-rufa ce, na kuma san rufa-rufa ce.

Malam Sale ya saurara, ya ce, “Malam Iliya, ni fa a sama nake aiki, silon nan shi ne…”

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce, “Malam, kai da gatari ka saba, inji kuwa ka bar mana. In ya yi maka gardama, to haɗin manku ne. Ku mutanen ƙauye sai ku tuttula baƙin mai kamar kuna miya.” Aka yi dariya. Ya yi murmushi, ya ce Habu ne ke haɗa mai, zai kula.

Abin da ya so gaya mini, wanda na toshe masa baki, shi ne yadda suke aiki. A kan reshe ba ya iya jan igiyar tayarwa. Shi ke hawa, Habu ya tayar da injin a ƙasa, ya ɗaure shi da igiya, Malam Sale ya jawo shi sama yana silo. Inji kuwa a igiya ba ya zama daidai, kwanciya yake ta gefe.

Kwana shida bayan nan Habu ya shigo rumfa shi kaɗai da buhun. Ya rame kamar wanda ya tashi daga ciwo. Ya ce a Yalwan Damai abin ya faru. Injin na isa sama ya ɗauki gudu, sarƙa ta juya daidai lokacin da yayansa ya miƙa hannu. Yatsu biyu na hannun dama sun tafi, da ƙyar aka sauko da shi.

Habu ya ce, “Kai ka faɗa, Malam. Ni na haɗa man. Na auna, wallahi na auna, amma ga shi. Ka duba mana ko injin ya lalace.”

Ina jin kunyar faɗa muku cewa na karɓi buhun, na ce Allah ya kiyaye gaba, na bar shi ya tafi. Kwana biyu ina kallon injin nan a gefen benci, ban iya taɓa shi ba. A rana ta uku na farke shi, na ciro robar, ta tsage kamar busasshen ganye. Na sa ta a aljihu na hau mota zuwa Gwaram.

Na tarar da Malam Sale a zaure, hannu a naɗe. Na tsuguna na ajiye robar a gabansa, na faɗa masa komai, har da cewa na sani tun ranar farko. Na so ya zage ni, da na ji sauƙi. Ya daɗe yana kallon robar.

Ya ce, “Yatsu kam sun riga sun tafi, haka Allah ya rubuta. Amma ba ni za ka gaya wa ba. Tashi ka shiga ciki ka gaya wa Habu. Tun ranar bai yarda mun haɗa ido ba.”

Na taɓa shan mari a hannun maigidana ina koyon aiki, amma ban taɓa jin nauyi irin na takun nan daga zaure zuwa tsakar gida ba. Habu ya saurare ni har ƙarshe. Ya wuce ni ya je ya zauna kusa da yayansa.

Don haka in kun ga ina yi muku faɗa a kan silo, ba tsufa ba ne. Kada inji ya bar rumfar nan sai kun juya shi ta kowane gefe, kun kuma tambayi mai shi yadda yake aiki da shi, kun yi shiru ya gama magana. In gyara ya fi ƙarfin yau, ku ce ya fi ƙarfin yau. Mutanen nan suna yarda da maganarmu fiye da yadda muke zato, in muka ɗora musu laifi ɗauka suke su kai gida.