Lallen Bakin Kwata

Shekarar da muka kama haya a Maje, Innata ta ciro mini dashen lalle daga bayan ɗakinta a Kano, ta naɗe saiwar a leda. "In kika bar shi ya mutu, kada ki ce ni na haife ki," in ji ta, tana dariya. Ni kuwa na san dariyar Inna, rabinta gaskiya ce.

Rani ya shigo, rijiyar gidan ta ƙafe, muka koma jiran mai kurar ruwa. Kowace jarka sai na mora ta: ruwan ɗaurayar kaya in goge ɗaki da shi, saura in kora bayi, na wankin shinkafa in jiƙa tukunya. Maigida in ya dawo daga Abuja sai ya ce na mayar da gidan kasuwar bokiti. Amma lallen bai samu rabo ba. Ruwan kumfa ƙona shi yake, mai kyau kuma ba zan zuba a ƙasa ba alhali ko wanka a kofi muke aunawa. Ganye ya fara zuba, ga Inna ta ce tana tafe bayan Sallah. Hankalina ya tashi sosai.

Maƙwabciyata malamar firamare ce, Kirista 'yar Filato. Wata la'asar tana gyaran wake, tana kallona ina alwala a bakin kwata.

"Maman yara, wannan ruwa naki akwai sabulu a ciki?"

"Wane sabulu kuma, Malama? Alwala ce."

"To me ya sa kina ba kwata? Kwata ya taɓa gode miki?"

Na tsaya riƙe da buta, dariya ta ƙwace mini. Tun ina yarinya nake alwala, ban taɓa tunanin inda ruwan yake zuwa ba.

Ita da kanta ta mirgino dutse ta kafa a gindin lallen don a riƙa alwala a kai, ta kuma naɗa kanta mai gadi. Duk wanda ya ɗauki buta a gidan nan sai ta leƙo: "Alhaji, ba can ba, nan!" Maigida ya ce Malama ta fi ladan sanin lokacin salla. Kafin ruwan fari ya sauka, lallen ya yi kore shar, har da toho.

Da Inna ta iso, ta kewaya shi ta kewaya. Na ba ta labari tana tsinkar ganye. Ta shanya, ta daka, ta kwaɓa da kanta. Na miƙa hannu cike da murna, ta ture shi.

"Ke matsa. Kira mini Malama, wadda ta raya shi za a fara ƙunsa wa."